Ɗiyan kifin kod da maruƙanmu: mi ya sa wani ke girma, wani na tsumburewa?

 

Akwai wata tambaya da kuke yawan yi mani in mun gamu wajen rigakafi ko a kasuwar bisashe. Ga maruƙa biyu, wata guda anka haife su, dangwali guda, rijiya guda, makiyayi guda. Amma kafin a kai ga yaye, ɗaya ya miƙe ya yi ƙirji, ɗayan kuwa ya tsumbure, gashi a tsaye, ciki kamar tulu. Wani ya ce jini ne, wani ya ce uwar ce ba ta da nono, wani ya ce baki ne. Ko mi ne ne, asarar a aljihunku take faɗawa. Maraƙar da ta tsumbure tana iya makara da haihuwar fari shekara guda ko fiye, ɗan ragon da ya tsumbure kuma layya za ta zo ta wuce bai kai kuɗi ba.

Yau zan ɗauko maku amsa daga wuri mai nisa, daga wani kifin teku da ake ce ma kod. Kada ku yi dariya tukuna. Masana sun fi shekara 100 suna bin ɗiyan wannan kifi da awo, kuma abin da sunka gano game da girma ya shafi duk wata dabba mai ci da numfashi, har da wadda ke ɗaure a turkenku.

1. Wane kifi ne wannan?

Kod, wanda Faransawa ke ce ma moru, kifin ruwan sanyi ne na arewacin tekun Atlantika, wajen ƙasashen Norwe, Islan da Kanada. Babbanshi yana wuce metir guda, yana kuma iya yin shekara 20 da ɗoriya. Waɗanda ke zuwa fatauci Najeriya wataƙila sun taɓa ganinshi ba su sani ba: shi ne busasshen kifin nan mai tauri kamar itace. A tsibiran Lofoten na ƙasar Norwe ake shanya shi bisa katako cikin iska mai sanyi, ba gishiri, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayenshi, musamman kawunan. Man hantar kifi da ake ba yara, mai bitamin A da D, daga hantarshi ake tatsowa.

Ga mutanen can kod shi ne garkensu. A shekarar 1992 ya kusa ƙarewa ƙaf a gabar Kanada saboda yawan kamu, gwamnati ta hana sun shi, mutum wajen 30,000 sunka rasa abin yi. Ku da kunka ga 1973 da 1984, ko kunka ji labari wajen iyaye, kun san mi ke nan.

Uwar kod guda tana zuba ƙwai miliyoyi a shekara. Ƙwan bai kai ƙwayar hatsi ba, faɗinshi wajen milimetir ɗaya da rabi, kuma yana yawo a saman ruwa. Bayan sati 2 zuwa 4, gwargwadon sanyin ruwa, ɗan kifi ya fito, tsawonshi wajen milimetir 4, da ɗan guzurin gwaiduwa a ciki. Kafin guzurin ya ƙare dole ya koyi kama ƙananan ƙwarin ruwa. Tun a 1914 wani masani ɗan Norwe, Johan Hjort, ya nuna cewa waɗannan kwanakin farko ne ke yanke ko shekara za ta yi albarkar kifi ko ba za ta yi ba. Mafi yawan ɗiyan mutuwa suke yi.

Su wa ke tsira? A kan kowane kifi akwai wani ɗan dutse da ake ce ma dutsen kunne. A jikin ɗan kifi, kowace rana dutsen yana ƙara zobe guda, kamar yadda kuke lissafin shekarun saniya a zoben ƙaho. Ranar girma mai kyau zoben ya yi faɗi, ranar yunwa ya yi siriri. Da wannan dabara masana a Kanada sunka nuna a 1996 cewa ɗiyan kod da sunka rayu, akasarinsu masu saurin girma ne. Wanda ya daɗe yana ƙarami ya daɗe a bakin maƙiya. Shi ya sa anka matsa da tambaya: mi ke sa wani ya fi wani saurin girma?

2. Wutar jiki

Kowace dabba akwai wuta a jikinta, wutar da ba a gani. Abinci shi ne itacen, iskar da take shaƙa, wadda ake ce ma oksijan, ita ce mai hura ta. Da wannan wuta zuciya ke bugawa, hanji ke aiki, ƙafa ke tafiya. Wutar ba ta mutuwa sai ranar da dabba ta mutu.

Abin da dabba ta ci kashi huɗu yake rabuwa.

Na farko, abin da bai narke ba, ya fita a kashi da fitsari.

Na biyu, wutar zama. Wannan ita ce abin da jiki ke ƙonawa don ya rayu kawai, ko dabba na kwance tana barci. Haraji ne, kullum sai an biya, ko an ci ko ba a ci ba.

Na uku, wutar aiki: tafiya, neman abinci, gudu, faɗa, da shi kanshi aikin narka abincin.

Na huɗu, abin da ya saura. Shi kaɗai ke zama tsoka, ƙashi, kitse ko nono.

To, ku riƙe wannan da kyau: girma ragowa ne. Jiki ba ya gini sai ya gama biyan bashin farko.

Ga misali don a gane. A ce raguna biyu, kowane an ba shi dussa cikin hannu 10 a yini. Na farko jikinshi na ƙona 6, na biyu na ƙona 7. Ragowar na farko 4, ta na biyu 3. Bambancin wutarsu kaɗan ne, amma na farko ya fi na biyu ƙiba da kashi ɗaya cikin uku. Rani ya yi, an rage masu zuwa 7. Na farko yana da ragowar 1, na biyu ba shi da komi. In an koma 6, na farko ya tsaya cik, na biyu ya fara cin jikinshi. Kun ga yadda ƙaramin bambanci ke zama babba in abinci ya yi kaɗan.

3. Yaya ake auna wutar kifi?

Wuta ba ta ci sai da iska. Saboda haka in an san yawan oksijan da dabba ta sha a awa guda, an san ƙarfin wutarta. Kifi yana da sauƙin awo. Ana sa shi cikin wani ƙaramin akwatin ruwa a rufe, a sa na'ura ta riƙa duba yadda oksijan ɗin ruwan ke raguwa. A auna shi yana hutawa da ciki wofi, a samu wutar zama. A sa shi iyo har ya gaji, a samu iyakar ƙarfin wutarshi. A ba shi abinci a sake aunawa, a samu kuɗin narkewa.

Tsakanin wutar zama da iyakar ƙarfin wuta akwai fili. Duk wani aiki na kifi, iyo ne, narka abinci ne, girma ne, cikin wannan filin yake yin shi. Mai fili babba yana iya haɗa ayyuka da yawa a lokaci guda. Mai ƙaramin fili sai ya bar wani don ya yi wani.

Wata sauƙin kuma, ana iya zuba ɗiyan uwa guda ɗari-ɗari a tanki guda, ruwa guda, abinci guda, a sa ma kowane alama, a riƙa auna nauyinsu. Abin da ake gani shi ne abin da kuke gani a garke: bayan ƴan watanni wasu sun ninka ƴan'uwansu nauyi.

4. Abubuwa biyar da ke raba su

Na ɗaya: wutar zama ba ɗaya ba ce. A cikin kifaye masu nauyi guda, shekaru guda, a ruwa guda, ana samun wanda wutar zamanshi ta ninka ta wani sau biyu, har sau uku. Za ku ce to mai ƙaramar wuta shi ne na kirki. Ba kullum ba. An fi bin wannan magana a jikin ɗiyan kifin salmon da danginshi a ƙasar Sikotland, kuma abin da anka gani shi ne: mai babbar wuta ya fi zafin nama, ya fi kwaɗayi, ya fi saurin narka abinci ya koma ya ƙara. In abinci ya wadata shi ke gaba. In abinci ya yi wuya, harajinshi mai yawa ne, shi ke fara ramewa, mai ƙaramar wuta ya wuce shi. Ke nan ba a cewa wannan ya fi wancan sai an tambaya: a wane wuri, da wane abinci?

Na biyu: ƙarfin ciki. A bakin hanjin kod akwai wasu ƴan yatsu masu yawa inda ake narka abinci. A 1999 masana a Kanada sunka auna ruwan narkewar da ke wurin, sunka ga cewa wani daga ciki mai suna tiripsin, wanda ke farfasa abinci mai gina jiki, yana tafiya tare da saurin girma da kuma yawan amfanin da kifi ke samu a abin da ya ci. Kifi biyu su haɗiye abu guda, ɗaya ya tatse shi sarai, ɗaya ya zubar da rabo a kashi.

Narkewar ma ba kyauta ba ce. In ɗan kod ya cika ciki, shan iskarshi yana hawa kusan ninki biyu, kuma a ruwan sanyi sai ya yi kwana 2 zuwa 4 kafin ya sauka. Wannan yana cinye rabo babba na filin da munka ambata. Kifin da ya ƙoshi ƙwarai ba shi da sauran ƙarfin gudu sosai. Don haka yawan oksijan da jiki ke iya samu yana sa iyaka ga yawan abin da za a ci.

Na uku: gini da rushewa. Jiki kamar gidan laka yake. Kullum ana yaɓe, kullum wani wuri na zubewa. Tsoka ma haka: jiki na gina sabuwa, yana rusa tsohuwa, dare da rana. A 1988 masana a garin Aberdeen na Sikotland sunka auna wannan a jikin kod, sunka ga kifi mai saurin girma yana gini da yawa, rushewar ma tana ƙaruwa, amma ginin ya fi. Girma shi ne abin da gini ya fi rushewa da shi. Kuma ginin tsoka aiki ne mai tsada, yana cikin manyan abubuwan da ke sa shan iska ya hau bayan cin abinci. A wasu kifayen an ga cewa waɗanda sunka fi amfana da abinci ba su ne sunka fi kowa gini ba, su ne waɗanda ba su yawan rusa abin da sunka gina.

Na huɗu: jini da zafin ruwa. Kifi ba ya ɗumama jikinshi, zafin ruwa shi ne zafinshi. In ruwa ya ƙara ɗumi da digiri 10, wutar jikinshi tana ninkawa wajen sau biyu. Ɗumi kaɗan yana sa ci da girma, in ya wuce kima harajin ya fi ƙarfin abin da ake ci. A ƙasar Islan an gwada an ga ɗan kod mai garam 2 ya fi girma a wajen digiri 15, amma mai kilo 2 ya fi son ƙasa da digiri 10. A 1995 wani masani, Keith Brander, ya kwatanta kod na wurare daban-daban: ɗan shekara 4 a ruwan Labrador mai tsananin sanyi bai kai kilo 1 ba, tsaranshi na ruwan kudancin Ailan ya wuce kilo 5.

Jinin ma iri-iri ne. Abin da ke sa jini ja shi ke ɗaukar oksijan ya kai ma tsoka. A 1961 wani ɗan ƙasar Danmak, Knud Sick, ya gano cewa kod na da wannan jan abu kala biyu, gado ne daga iyaye. Daga baya, a 2003, anka bar ɗiyan kod su zaɓi ruwan da suke so: masu kala ɗaya sunka zaɓi wajen digiri 8, masu ɗayar kalar wajen digiri 15. Kifi iri guda ne, amma kowane da wurin da jininshi ya fi yi mashi aiki.

Na biyar: rinjaye. Wanda ya fara tserewa ko da kaɗan ne, bakinshi ya fi girma, ya fi sauri, shi ke fara kai wa ga abinci. Ya ci ya ƙara girma, gobe ya ƙara rinjaye. Ƙaramin yana gefe, ga yunwa ga tsoro, tsoron ma wuta yake ci. A wurin kiwon kod abin har ya kai manyan na haɗiye ƙannensu. Maganin da masu kiwon sunka samo mai sauƙi ne: su riƙa tace su lokaci-lokaci, manya gefe, ƙanana gefe, su kuma watsa abinci ko'ina don kowa ya samu.

5. Rumbun jiki

Tsokar kod ba ta da kitse, bai kai kashi 1 bisa 100 ba. Duk ajiyarshi a hanta take. Masunta da masana in suna son sanin ko kifi ya ci daɗi, hanta suke dubawa. In yunwa ta zo, man hanta yake fara ci. In ya ƙare ya koma cin tsokarshi, ruwa ya maye gurbin, naman ya yi laushi ya yi ruwa-ruwa.

In abinci ya dawo, kod na yin wani abu da kun san shi: ya ci fiye da kima, ya yi girma da sauri fiye da wanda bai taɓa yunwa ba, yana neman ya rama abin da ya rasa. Haka shanunmu ke yi kowace damana. Sun fito bazara ƙashi da fata, tozo ya kwanta, wata biyu na ɗanyen haki sun murmure. Dalili shi ne lokacin yunwa jiki na rage wutar zama, hanta da hanji su ƙanƙance. In abinci ya zo, harajin na ƙasa, ragowar ta yi yawa na ɗan lokaci.

Amma ku kula. Babbar dabba ita ke rama asara da kyau. Maraƙin da yunwa ta kama a watanninshi na farko, lokacin da ƙashi ke miƙewa, sau da yawa ba ya cika kai girman da ya kamata, ko an cika mashi komi daga baya.

6. Inda kifi da bisashe sunka bambanta

Kada mu ɗauki maganar kifi mu ɗora ma saniya gaba ɗaya. Saniya na riƙe zafin jikinta wajen digiri 38 da rabi, tunkiya da akuya wajen 39, ko ana ɗari ko ana zafi. Wannan yana da tsada, shi ya sa harajinsu ya ninka na kifi sau da yawa. Daren ɗari, ɗan akuyar da ya kwana a fili yana ƙona nonon da ya sha don ya ɗumama jiki. A bazara kuma narka abinci na ƙara zafi bisa zafi, sai dabba ta rage ci da kanta.

Na biyu, ƙaramar dabba ta fi babba ƙona abinci bisa kowane kilo. Max Kleiber ya nuna wannan a 1932. Saniya mai kilo 250 ta ninka akuya mai kilo 25 sau 10 a nauyi, amma wutar zamanta ba ta ninka ta akuyar ba sai wajen sau 5 da rabi. Ke nan kowane kilo na jikin akuya yana buƙatar kusan ninki biyu. Haka maraƙi yake kusa da uwarshi: tumbi ƙarami, buƙata babba. Karan da sa zai iya maneji da shi, maraƙi ba zai iya ba.

Na uku, bisashenmu na da tumbi, kuma ƙananan halittun da ke cikin tumbi su ke narka haki. Su ma sai sun ci. In abinci mai gina jiki bai kai wajen kashi 7 bisa 100 na abin da dabba ta ci ba, aikinsu na yin rauni. Busasshen haki da kara na ƙarshen rani sau da yawa ba su wuce kashi 3 ko 4 ba. Shi ya sa kuke ganin saniya ciki cike tana ramewa. Maraƙi kuwa ana haihuwarshi tumbin bai fara aiki ba, sai ya yi wata 2 zuwa 3 yana ɗanɗana abinci kafin ya kama.

Amma tushen maganar guda ne. Tun 1963 an nuna a Amurka cewa bijimai masu nauyi guda, masu girma daidai, wani ya fi wani cin abinci, kuma wannan hali ana gadonshi. Dalilan da anka samu daga baya su ne waɗanda munka gani a kifi: narkewa, gini da rushewar tsoka, yawan motsi.

7. Abin da za ku yi

Wutar da dabba ta gada ba ku iya canza ta. Amma harajin da ke kanta da abin da ke shiga bakinta, rabo babba a hannunku yake.

Dakashi. Maraƙi ya sha shi cikin awa 6 na farko, ya ƙoshi. Bayan yini guda hanjinshi ba ya ƙara ɗaukar kariyar da ke ciki. Wanda ya rasa dakashi shi ne mai zawo da tari, kuma kowane zazzaɓi wuta ne mai cin abincin girma.

Tatsa. Maraƙi na buƙatar nono wajen kashi ɗaya cikin 10 na nauyinshi kowace rana. Mai kilo 25 ke nan litir 2 da rabi. Na san gida na jiran nonon nan, amma a wata 3 na farko ku bar mashi rabonshi. Nonon da anka ƙwace ma maraƙa yau, saniyar gobe ce anka rage.

Koyon ci. Daga sati na 2 ko na 3 ku aje mashi harawar wake mai laushi, ƴar dussa da ruwa mai tsabta, wurin da manya ba su kai. Anguriya da tunkuzar auduga da duk abincin da anka sa ma ire, wato takin zamanin nan fari, ku bar ma manya. Suna iya kashe maraƙin da tumbinshi bai kama ba.

Rabawa. Ku yi dabarar masu kiwon kod. Manya komi daban, ƙanana komi daban, masu ƙaho kada su haɗu da marasa ƙarfi. In kiwon turke ne, kowane rago da kwanonshi. Ku tsaya ku kalle su suna ci ko sau ɗaya a sati, za ku ga wanda ake ture wa.

Jini. Ku ja fatar idon ɗan tunkiya ko ɗan akuya ku duba. In ja ce, madalla. In ta yi fari, jini ya ragu, kuma sau da yawa tsutsar ciki ce mai shan jini, ga kaska. Jinin da ya ragu ba ya kai iska, wutar da ba iska ba ta gini, komi yawan dussa. Ku nemi ma'aikacin kiwo na kusa da ku ya ba da magani daidai nauyin dabba, musamman cikin damana da ƙarshenta.

Tafiya. Saniya mai kilo 250 in ta yi kilometir 10, ta ƙara ma harajinta wajen kashi ɗaya cikin 6. In da hali, ƙananan maruƙa su tsaya kusa da gida a inuwa, a kawo masu.

Zafi da ɗari. A bazara ku ba da abinci mai kyau da sassafe da marece. A ɗari ku yi ma ƙanana shinge ta gefen da iska ke zuwa.

Abincin rani. Tun da kaka ku tanadi harawar wake da ta gujiya a inuwa, ku tara ɗiyan gawo. Ɗan kaɗan kowace rana bisa kara ya fi da yawa sau ɗaya a sati. Kada ku manta gishiri ko dutsen lasa. In za ku ƙara dussa ko hatsi, ku hau sannu cikin sati 1 zuwa 2, don tumbi ya saba. Wanda anka cika ma hatsi rana guda yana iya kumbura ya mutu.

Awo. Ido na ruɗi. Ku samu igiya ga kowane maraƙi, ku kewaya ƙirjinshi bayan ƙafafun gaba, ku ɗaure ƙulli. Duk sabon wata ku sake. In ƙulli bai matsa ba wata biyu a jere, akwai abin da ke cin ragowar, ku neme shi tun da wuri.

Zaɓen iri. Ku tuna kifi mai babbar wuta: gwani ne wurin ƙoshi, shi ke fara faɗuwa wurin yunwa. Shanun waje masu yawan nono da ɗiyansu haka suke. Mai rijiya kusa, da harawa, da kuɗin dussa shekara zagaye, yana iya cin ribarsu. Mai dogaro da daji kuwa, Azawak da Bororo da jar akuyar Maraɗi sun daɗe suna sabawa da raninmu, kuma cikinsu ma akwai na zaɓe, kamar aikin da ake yi kan Azawak a tashar Tukunus kusa da Filinge. In za ku zaɓi bijimin garke ko maraƙar ajiya, kada ku yanke hukunci a damana lokacin da kowa ya yi sheƙi. Ku duba a ƙarshen bazara: wace ce ta riƙe jikinta, ta shayar da ɗanta, ta kuma sake ɗaukar ciki da irin abincin da kowa ya ci? Ɗiyanta su ne na ajiya.

Daga ƙarshe, in kun ga maraƙi ya tsumbure, kafin ku ce jini ne ku yi tambaya huɗu: ya sha dakashi da nono isasshe? Yana kai wa ga komi? Idonshi ja ne ko fari? Mi ke ƙona mashi abinci, ciwo, tafiya, ɗari ko zafi? In duk kun gyara waɗannan bai motsa ba alhali tsaranshi na gaba, to wutarshi ce haka. Ku ƙiba shi gwargwadon hali ku kai kasuwa, ku bar harawar ga wanda zai biya ku.

Sai mun gamu wajen rigakafi. Ku zo da igiyoyinku mu duba ƙullin tare.